Hon Biyu a Ƙofar Mai Shayi

Da wani tsumma ruwan ƙasa yake goge sitiyarin. Ya fara daga sama, ya zagayo dama, ya sauko ƙasa, ya koma hagu, sannan ya hura masa iska da baki kamar mai fifita wa jariri kunu. Kullum a haka nake tarar da shi idan motar ta tsaya a ƙofar gidanmu da ƙarfe bakwai da kwata na safe. Ƙofa ta zuge da kanta, wata muryar mace ta fito daga rufi ta yi mini barka da asuba, ni kuma in lalubi hanya da sandata in zauna a kujerar da ke bayansa.

"Lala, me kake gogewa ne? Wa ya taɓa shi balle ya yi datti?"

"Kai ma ai kana taje gemu kullum, Ustaz. Wa ke kallonka?"

Daga nan sai ya ninke tsumman gida huɗu, ya cusa a aljihun gaba, ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyinsa. Aikinsa ke nan. Motar ta ja da kanta, sitiyarin ya riƙa juyawa a gabansa babu hannun kowa a kai, shi kuwa yana zaune ƙyam kamar wanda ya zo zaman makoki gidan da bai san kowa ba.

Sunansa Zarwali, mutumin Bannu ne ta can Pakistan. Lala a harshensu yaya ne. Na girme shi da shekara tara, amma tun ranar da ya daka mini tsawa don na buɗe ƙofar tasi ta wajen titi na laƙaba masa sunan, ya kuma karɓa ba tare da godiya ba. Yana da shekara ashirin da bakwai ya sauka Abu Dhabi. Ya fara da tankar ruwa, ya koma tasi, ya shekara talatin da huɗu yana zagaya birnin nan har ya zama ba ya kwatance da abin da ke tsaye, sai da abin da aka rushe. Idan ka ce ya kai ka wani wuri sai ya ce, "A'a, bayan tsohuwar kasuwar kifi kake nufi," alhali rabon da a sayar da kifi a wurin an fi shekara ashirin. Dogo ne, da gashin baki mai furfura, da wata irin tafiya ta wanda ƙafarsa ta dama ta saba da aiki fiye da ta hagu.

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa mata biyu suna gidajen mazajensu. Ya je ƙauye jana'iza, ya dawo bayan sati uku ya rame. Muna tsaye a danja ya ce mini, "Ustaz, daga maƙabarta zuwa gidan ubana sai da na tambayi hanya. Ni, Zarwali." A nan na gane cewa ba shi da wani gari a duniya sai wannan da ba zai taɓa zama nasa ba, wanda takarda guda ce ke riƙe da shi a cikinsa, takardar kuma aiki ne ke riƙe da ita.

Ni ma baƙo ne. Daga Atbara ta Sudan na zo, na ƙare ƙuruciyata ina gyara kurakuran wasu a gidan jarida, ina rubuta baitocina a gefen takarda. Da idanuna suka fara dushewa sai na zama kayan Zarwali. Shekara goma sha tara tasinsa na ɗaukata daga unguwar Khalidiya zuwa ɗakin karatun da ke bakin teku, ya dawo da ni da azahar. A hanya akwai shagon Moidu, mutumin Kerala ta Indiya, mai karak, shayin nan mai kauri da ake dafawa da madara har ya yi ja. Babu wanda ke sauka daga mota don karak. Ka tsaya a ƙofar shago, ka danna hon sau biyu, mai shayi ya fito da faranti ya miƙo maka ta taga. Duk gari haka ake yi, shi ya sa da safe ƙofar kowane mai shayi layi biyu ne na motoci, na uku yana zagi.

A duk shekarun nan ban taɓa ce wa Zarwali ya tsaya ba. Idan mun doshi kwanar sai in yi gyaran murya, shi ke nan. Ya karya kan mota, hon biyu, Moidu ya fito yana cewa, "Ustaz, yau sukari kaɗan ko kamar jiya?" Zarwali kansa ba ya sha. Yana da ciwon sukari, ban da haka ma ya raina abin. Koren shayinsa na cikin filas a ƙarƙashin kujera.

"Wannan ba shayi ba ne," in ji shi, "kunun jarirai ne. Namiji da gemunsa yana shan madara a titi."

"To, kai da ruwan ganyenka fa?"

"Shi ya riƙe mini haƙora. Buɗe bakinka mu ƙirga naka."

Sai aka kawo motocin da ba su da direba unguwarmu. Farare, masu kujera shida, kowa ya kira ta waya, su kwashi waɗanda hanyarsu ta zo ɗaya. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba: na so su. Cikin shekara guda maƙwabtanmu da dama suka sayar da motarsu ta biyu. Filin ajiye motoci na gaban gidanmu aka fasa kwaltarsa aka dasa darbejiya. Wata safiya na buɗe taga na ji kukan kurciya, na tsaya ina tunanin ko dama tana nan duk shekarun nan, mu ne muka rufe mata baki da hayaniyar injinmu. Aka ba masu raunin gani irina wani kati, wanda da shi mota za ta zo har bakin ƙofa, ta jira ka komai nawarka, ta faɗa maka inda matakala take. Na fara zuwa wuraren da na daina zuwa. Na je bakin teku da la'asar ni kaɗai, ban roƙi kowa ba, ban jira kowa ba. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin titi yana jiran a tausaya masa a tsallakar da shi ba, ba zai san daɗin wannan ba.

Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ya rufe wa Zarwali tasa. Aka rage tasi, aka sallami tsofaffin direbobi. Kaɗan daga cikinsu aka yi wa tayin kujerar mai sa ido, domin a layukan da ake gwadawa dole mutum ya zauna a gaban sitiyari ko da wani abu zai taso. Ya zo mini da takardar yana huci.

"Wai in zauna in zuba wa mota ido tana tuƙa kanta. Ni gunki ne?"

"Karɓi, Lala. Kana da shekara sittin da ɗaya. Wa zai sake ɗaukarka? In ka ƙi, takardar zamanka ta mutu. Ka koma ina, garin da kake tambayar hanya?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in nuna masa inda zai sa hannu. Da bakina na tura shi kujerar. Da aka ba su zaɓin layi kuma ya zaɓi namu, na safe.

Doka ɗaya aka gindaya musu: kada hannu ya taɓa sitiyari sai in an ga haɗari. Duk taɓawa motar tana rubutawa, da wuri da lokaci.

Satin farko muka riƙa wuce shagon Moidu sumul, ko rage gudu babu. Ba na gani sosai, amma ina hango farin abu a ƙofar shagon, na san rigarsa ce, na san kuma farantin na hannunsa. Ƙamshin ba ya shigowa ta gilashi, sai dai harshena ya san kwanar. Rana ta takwas, muna dosarta, na yi gyaran murya. Na sha gaya wa kaina cewa maƙogwaro ne kawai ya bushe. Ba haka ba ne. Na san abin da na yi.

Bai waiwayo ba. Na dai ga wuyansa ya ƙage. Washegari da muka iso kwanar, hannayen nan biyu suka tashi daga gwiwa suka sauka a kan sitiyari, a hankali, kamar tsuntsayen da suka dawo reshensu. Muryar macen ta ce an karɓi tuƙi. Motar ta karya zuwa gefe. Hon biyu.

Moidu ya fito da gudu har yana zubar da shayi. "Zarwali! Ashe aljanar tana jin magana!"

"Duk mace tana jin magana in ta samu mai lallashi. Miƙo wa tsoho kununsa, muna sauri."

A cikin masu hawa tare da mu akwai Midhat, Bamisire, ma'aikacin banki, mai yawan duba agogo. Ya ce, "Haba Alhaji, wannan motar jama'a ce ko ta gidanku?" Zarwali ya ce, "Ta jama'a ce, shi ya sa jama'a za su sha shayi. Moidu, ƙara ɗaya, mai agogo ya ji ƙamshi." Midhat ya yi tsaki, ya karɓa, ya shanye. Daga ranar ya zama shi ke fara sauke gilashi.

Minti uku ne, in ya yi yawa huɗu. A cikinsu Zarwali yakan koma mutum. Yana tuƙa mu daga shagon zuwa danja ta gaba kafin ya sakar wa motar kanta, a wannan ɗan taƙin kuwa har waƙar garinsu yake yi ƙasa-ƙasa. Na riƙa gaya wa zuciyata cewa don shi nake yi, don hannayensa su tuna aikinsu. Wataƙila akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai rabi ba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne motocin nan suna magana da junansu. Abin da ɗaya ta gani, duka sun gani. Ita tamu ba ta san shayi ba. Abin da ta sani, kullum ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar, a wannan kwanar, mutum yana ƙwace tuƙi, mutum kuwa ba ya ƙwacewa sai da haɗari. Sai 'yan'uwanta suka fara tsoron titin. Da farko suna rarrafe in sun zo wurin, daga baya suka daina bi da safe gaba ɗaya, suka karkata ta wani siririn layi da ke bayan makarantar 'yan mata. Layin da aka yi don mota biyu su gifta juna ya riƙa haɗiye motocin unguwa guda. Cunkoson da muka yi murnar mutuwarsa ya tashi a can, daidai lokacin da iyaye ke kai yara.

Matar maƙwabcina ce ta ba ni labari a bakin matakala, tana faɗa, wai 'yarta ta makara sau biyar, wai an ce motocin sun ga wani abu a titin mai shayi amma an rasa ko mene ne. Ina tsaye da sandata na gane komai, tas. Na hau sama na zauna. Na ce gobe zan gaya masa ya bari. Gobe ta yi, muka doshi kwanar, na yi gyaran murya.

Kwana arba'in da uku muka yi a haka kafin a kira mu.

Ofishin masu motocin yana hawa na tara, sanyinsa har cikin ƙashi. Wadda ta karɓe mu injiniya ce, 'yar ƙasa, sunanta Shamsa, ba za ta wuce talatin ba. Ta taso da kanta ta kama mini kujera.

"Baba, ba ka san ni ba, amma ni na san ka. Waƙarka ta jirgin ƙasan Atbara, a aji biyar muka haddace ta. Har yau ina iya kawo ta."

Ta kuwa kawo baiti biyu, da muryar 'yan makaranta, tana dariya. Zarwali na zaune a gefena, tafukansa a kan gwiwa. Na ji kaina ya yi girma. Ina ma bai yi ba.

Sannan ta juya ga aiki. Ta ce sun duba hotuna, sun ga babu haɗari, sun ga faranti. Ta ce abu ɗaya take son ji daga bakina. A ƙa'idarsu, idan mai katin raunin gani ya nemi a tsaya, dole mai sa ido ya tsaya, babu laifi a kansa. Sai dai tunda tsayawar ba ta lalura ba ce, za a riƙe katin wata uku a sake dubawa. Idan kuwa ba wanda ya nema, to mai sa ido ya karya dokar da aka ɗauke shi dominta.

"Don haka Baba, kai ka ce ya tsaya?"

Wata uku. Na hango kaina a ɗaki, taga a buɗe, teku can nesa. Na hango fuskar yarinyar nan idan ta ji cewa mai waƙar jirgin ƙasa ne ya cushe unguwa guda saboda kofin shayi. Na shekara arba'in ina auna kalmomi, na san wadda za ta tsaya daidai kan iyakar gaskiya ba ta faɗa ƙarya ba. Na nemo ta, na same ta da sauri.

"'Yata, ban taɓa ce masa ya tsaya ba. Ko sau ɗaya."

Ban kalli Zarwali ba. Na ji dai kujerarsa ta yi ƙara kaɗan.

"Gaskiya ya faɗa," in ji Zarwali. "Bai taɓa cewa ba. Ni ne nake son karak. Tsufa ne, ranki ya daɗe, mutum sai ya ga abu ya kasa haƙuri."

Mutumin da rabon sukari da bakinsa shekara goma sha biyu. Shamsa ta rubuta. Ta raka ni har ƙofa, ta ce in gaida gida.

A ranar na zauna rubuta mata wasiƙa in faɗi gaskiya. Wallahi a ranar na fara. Amma na karanta sai na ga buɗewar ta yi kaushi. Na sake, sai na ga ta yi kama da neman tausayi. Na uku ta yi tsawo. Na tsaya kwana biyu a kan kalma ɗaya, ko in ce "na nema" ko in ce "na nuna". Kullum da safe mota tana zuwa, wani saurayi ne a kujerar gaba, ba ya goge komai, muna wuce Moidu, ina haɗiye yawu, in dawo in ɗauki gilashin ƙara girman rubutu in ci gaba da gyara. Sau tara na rubuta ta. Rana ta goma sha ɗaya na aika. Wasiƙa ce mai kyau, ban taɓa rubuta zube mai kyanta ba.

Bayan kwana uku, da la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Tun kafin in buɗe na ji ƙamshin. Yana tsaye da kofin takarda a hannu, ya rufe bakin kofin da murfi, gumi ya jiƙe masa riga. Daga shagon Moidu zuwa gidana tafiyar minti ashirin ce a ƙasa.

"Karɓi, ya fara hucewa. Moidu ya ce sukari kaɗan, wai ka fara ƙiba."

Ya shigo ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, ya leƙa darbejiyoyin da ke ƙasa. Ya ce a nan ya saba ajiye tasi, wajen ta uku daga hagu.

Na ce, "Lala, na rubuta wasiƙa."

"Na sani. Yarinyar ta kira ni. Ta ce ta karanta sau biyu, har ta yi hawaye. Ta ce ina ma wasiƙar ta zo sati guda kafin haka." Ya shafa gashin baki. "An riga an buga hatimin sallamata daga aiki, Ustaz. Jibi da safe jirgi."

"Zan je da kaina. Zan gaya musu..."

"Zauna. Ta yi iya yinta. Katinka ma ba za su taɓa ba, ta ce ya isa haka. Ka ji wani abin dariya? Sun sa wa motar tsayawa a ƙofar Moidu. A rubuce. Minti biyu kullum, daga ranar Lahadi. Wai jama'a na so." Ya yi dariya har da tari. "Sai dai ba ta yin hon. Moidu ya ce shi ba zai fito wa motar da ba ta yi masa sallama ba."

Na riƙe kofin da hannu biyu, na kasa sha.

"Me ya sa ka ce kai ne mai shan shayin?"

"To me zan ce? Ka riga ka yi magana. In ƙaryata ka a gaban yarinyar da ta haddace waƙarka?" Ya miƙo hannu ya zare mini tabarau daga fuska. "Dubi wannan. Ta yaya za ka ga hanya da wannan dattin?"

Ya ciro tsumman daga aljihun gaba, ya warware, ya goge gilashin dama, ya goge na hagu, ya hura musu iska, ya mayar mini a kan hanci ya daidaita. Hannunsa na warin koren shayi. Ya ninke tsumman gida huɗu. Na zaci zai bar mini, amma ya mayar aljihu.

"A can wa zai nuna maka hanya?" na tambaya.

"Zan tambaya. Ai kai ma tambaya kake yi, ba ka mutu ba."

Ya miƙe. Akwai kalma ɗaya da ta rage, ta neman gafara, gajeriya, wadda ba ta buƙatar gyara, wadda na kasa sawa a wasiƙa tara. Na buɗe baki in faɗe ta, ta maƙale, abin da ya fito sai gyaran murya.

Ya tsaya cak a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Shekara goma sha tara ne suka tsayar da shi, ba shi ba. Bai waiwayo ba. Ya jira ni, kamar yadda yake jira Moidu ya fito da faranti. Na ji numfashinsa, na ji kurciya a waje. Na sunkuyar da kai ga kofin.

"Nan ba wurin tsayawa ba ne, Ustaz," in ji shi a hankali. "Sha shayinka kafin ya yi sanyi."

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya ja ta a bayansa ba tare da ta yi ƙara ba.